Kalmomin Wasan Kwaikwayo da Ya Kamata Ma'aikacin Ikkilisiya Ya Sani

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba a yin wasan kwaikwayo a cikinta. Matasa suna yi a makonsu, Zumuntar Mata suna yi a taronsu, yaran makarantar Lahadi kuma suna yi lokacin Kirsimeti da Ista. Yanzu har ana ɗauka da waya a sa a Facebook ko YouTube. Sau da yawa fasto ake kawo wa wasan ya duba kafin ranar. Idan bai san sunayen sassan wasa ba, iyakar abin da zai iya faɗi shi ne "ya yi kyau" ko "ku rage tsawo". Manufar wannan darasi ita ce mu san kalmomin nan, domin mu iya nuna wa 'yan wasa daidai inda gyara yake.

Ma'ana da asali

Wasan kwaikwayo shi ne labarin da ake nunawa ta wurin aikatawa. Mai wa'azi yana faɗin abin da ya faru, ɗan wasa kuwa yana yin sa a gaban idon mutane. Kalmar dirama da muke ji a bakin matasa ta fito ne daga kalmar Helenanci mai ma'anar aikatawa. Helenawa suna kiran ɗan wasa hupokrites, kuma wannan ce kalmar da aka fassara "munafuki" a Matiyu sura 6, wato mai nuna fuskar da ba tasa ba domin a kalle shi. Filin da 'yan tarzoma suka ruga cikinsa a Afisa, a Ayyukan Manzanni sura 19, gidan wasan kwaikwayo ne na birnin.

Ikkilisiya ta daɗe tana kai da kawowa a kan wannan fasaha. Tatuliyan na Katej ya rubuta littafi yana hana masu bi zuwa kallon wasannin Romawa, wajen shekara ta 200. Amma a ƙarni na 10 an fara kwaikwayon zuwan mata kabari cikin sujadar Ista a Turai. Hausawa ma suna da nasu tun da, irin su tashe da wasan gauta. Rubutaccen wasa ya zo daga baya: Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi kuma a 1960.

Kalmomin ginin labari

Bari mu ɗauki misalin ɓataccen ɗa, Luka 15:11-32, mu gwada kalmomin a kansa.

Jigo shi ne saƙon da wasa yake ɗauke da shi, wanda za a iya faɗi cikin jimla ɗaya. Farkon surar ya nuna cewa Yesu ya ba da misalin ne saboda Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni don yana karɓar masu zunubi. Saboda haka jigon shi ne yadda uba yake karɓar ɗan da ya komo, da yadda wa ya ƙi murna. Idan ƙungiya ba ta iya faɗin jigonta cikin jimla ɗaya ba, ba ta shirya hawa dandamali ba tukuna.

Zubi shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru, wannan ya jawo wancan. Aristotil, masanin Helenawa na ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, ya lissafta sassa 6 na wasa, ya kuma sa zubi a kan gaba. Zubi yakan bi matakai. Gabatarwa tana nuna mana mutanen da halin da suke ciki: uba da 'ya'yansa biyu. Rikici shi ne abin da ya ta da ƙura: ƙaramin ya nemi rabonsa na gādo uban yana da rai. Sarƙaƙiya ita ce ƙara cakuɗewar al'amari: dukiya ta ƙare, yunwa ta faɗo, ya koma kiwon aladu. Ƙololuwa ita ce inda hankalin 'yan kallo ya kai matuƙa: uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa ya rungume shi. Warwara ita ce saukar labari. A nan Yesu ya bar wan a waje uban yana lallashinsa, bai faɗi ko ya shiga ba, domin masu ji su ba da amsa da kansu.

Da waɗannan kalmomi za mu gane wani kuskure da ake yawan yi. Luka ya ba holewar yaron a ƙasa mai nisa aya guda, ta 13. 'Yan wasanmu kuwa sukan kwashe rabin lokacinsu a wurin, da maye da rawa, domin nan ne ake dariya, sa'an nan su gama maganar wan cikin gaggawa ko su yar da ita. An riƙe labari, jigo ya suɓuce.

Tauraro, ko jarumi, shi ne wanda labari ya fi rataya a wuyansa. Abokin hamayya shi ne wanda yake tare masa hanya. Ba lallai ya zama mugu ba: wan nan mai biyayya ne da aiki tuƙuru, shi ya sa misalin yake sukar masu ibada.

Musayar magana ita ce zance tsakanin 'yan wasa biyu ko fiye. Zancen zuci kuwa shi ne ɗan wasa ya faɗi tunaninsa a fili shi kaɗai, kamar yadda yaron ya yi a ayoyi 17 zuwa 19. Kashi babban yanki ne na wasa, fitowa kuma ƙaramin yanki ne a cikinsa, wanda yakan canja idan wuri ko lokaci ya canja. Ana kuma raba wasa bisa yanayinsa: na ban dariya da na ban tausayi.

Kalmomin dandamali

Dandamali shi ne wurin da ake wasa a gaban 'yan kallo. Umarnin dandamali su ne bayanan da marubuci yake sawa don nuna shiga da fita da motsi. Kayan wasa su ne abin da ake riƙewa ko amfani da shi, kamar riga da zobe da takalman da uban ya sa a kawo. Sutura da kwalliya suna gaya wa ɗan kallo ko wane ne mutum tun bai buɗe baki ba. Gwaji shi ne maimaita wasa kafin ranar nunawa, kuma a nan ne ya kamata fasto ko dattijo ya zauna ya gani. A dandamali ba a cewa "a sake". Dole murya ta kai kujerar baya, ɗan wasa kuma kada ya juya wa jama'a baya yana magana.

Kalmomin fim da talabijin

Labari ɗaya yana iya bin hanyoyi da dama. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara a littafi, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Kowace hanya da ƙa'idarta.

Furodusa, wato mai shiryawa, shi ne mai neman kuɗi da mutane da kayan aiki. Darakta, mai ba da umarni, shi ne mai yanke yadda za a nuna kowace fitowa. Tsararren labari shi ne rubutun da aka shirya domin kyamara. Lokeshin shi ne wurin ɗauka. A dandamali ɗan kallo ne yake zaɓen inda zai duba, a fim kuwa kyamara ce take zaɓa masa: ɗaukar nesa tana nuna wuri, ɗaukar kusa tana nuna fuska, har ƙwallar ido. Shi ya sa ɗaga murya da yarfa hannu da suka dace da dandamali sukan zama abin dariya a fim. Ba a ɗaukar fim bi da bi. Ana iya ɗaukar ƙarshe kafin farko, sai mai tace hoto ya yanke, ya jera, ya sa sauti. Ɗora murya shi ne sa wani harshe a bakin 'yan wasa, kamar yadda aka yi wa fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka gina a kan Bisharar Luka, muke kallonsa da Hausa. Wasa mai dogon zango kuwa, irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, ana nuna shi kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya inda zai bar mai kallo da ɗokin na gaba.

Hakkin da ke kanmu

Abin da ido ya gani ya fi daɗewa a zuciya. Idan wasa ya karkatar da nassi, yara za su girma da karkataccen. Idan aka kwaikwayi wani ɗan ikkilisiya har kowa ya gane shi, ko aka yi wa wata kabila ko addinin maƙwabtanmu ba'a, dariyar minti biyar tana iya barin rauni na shekaru. Wanda aka sa a intanet kuma ya fita daga hannunmu, zai kai ga waɗanda ba su ji wa'azin da ya biyo bayansa ba. Don haka mu nemi rubutun tun da wuri, mu halarci gwaji, mu yi tambaya da harshen da 'yan wasa suke ji.

Tambayoyi domin nazari

1. Karanta Farawa sura 37 zuwa 45. Nuna gabatarwa da rikici da sarƙaƙiya da ƙololuwa da warwara a labarin Yusufu.
2. Faɗi jigon wasan da aka yi na baya-bayan nan a ikkilisiyarku cikin jimla ɗaya. Wace fitowa ce ba ta taimaki jigon ba?
3. Waɗanne abubuwa za ka duba kafin ka yarda a sa wasan matasa a intanet?