Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Gyaran Hali: Sauyin Suna da Ra'ayin Jama'a

Sunayen da Bahaushe ya bai wa wurin tsare masu laifi suna nuna yadda ya ɗauki wurin. Akwai kurkuku, da gidan kaso, da gidan yari, wato gidan da Yari, ma'aikacin sarki mai tsare ɗaurarru, yake kula da shi. Kalmar fursuna kuwa aro ce daga Ingilishi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ma'anar gyara.

A shekarar 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, amma sunayen ba su sauya ba. Sai a 2019, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar suna, kafofin watsa labarai suka yawaita amfani da "gidan gyaran hali".

Abin lura shi ne, ginin aka sauya wa suna, ba mutumin ba. Wanda ya fito har yanzu tsohon fursuna ne, kuma "tsohon" a nan, kamar a tsohon soja, liƙa wa mutum tarihinsa yake yi. Wannan laƙabi kan taso wajen binciken neman aure, da lokacin da mai sana'a zai ɗauki yaron shago. Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya shiryu, ta kuma hana nuna masa bambanci. Sai dai har yanzu bakin jama'a bai samar masa da wani suna ba.