Auna Alwatika Mai Gefe Uku Daidai Ta Hanyar Raba Ta Biyu

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda ake gano tsawon gefen alwatika wadda gefenta uku suke daidai da juna, idan tsayinta kaɗai aka sani, da kuma yadda ake gano tsayin idan gefen aka sani. Ɗalibi yana bukatar wannan sani a ɗakin jarrabawa. Ma'aikacin ofishin ayyuka ko na filaye kuwa yana bukatarsa kafin ya sa hannu a takardar kimar kuɗi.

Wannan siffa tana da daɗaɗɗen tarihi a ilmin handasa. Da ita Uƙlidis, malamin birnin Iskandariya, ya buɗe mashahurin littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Mas'alarsa ta farko ita ce yadda za a gina irin wannan alwatika a kan layi guda ta hanyar zana da'ira biyu. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, kuma Alhajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ne ya yi aikin.

Kusurwoyin kowace alwatika idan aka tara su suna ba da digiri 180. Tun da yake gefe ukun nan daidai suke, kusurwoyin ma daidai suke, watau kowace tana da digiri 60. To, idan aka ja layi daga ƙololuwar alwatikar ya sauko tsaye a kan gindinta, sai ya raba gindin gida biyu daidai wa daida, ya kuma raba kusurwar sama biyu. Wannan layi shi ne tsayi. Abin da ya fito shi ne alwatika biyu tagwaye, kowace tana da kusurwa ta digiri 30, da ta 60, da ta 90.

A kowace ɗaya daga cikin tagwayen nan akwai dogon gefe, wanda shi ne ainihin gefen uwar alwatikar; akwai gajeren gefe, wanda shi ne rabin gindi; sa'an nan akwai matsakaicin gefe, wanda shi ne tsayi. Ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras, wadda Uƙlidis ya kawo hujjarta a mas'ala ta 47 ta kashin farko na littafinsa, ta ce a duk alwatika mai kusurwar digiri 90, idan aka ninka dogon gefe da kansa, abin da aka samu daidai yake da jimlar sauran biyun, kowanne an ninka shi da kansa. A ƙaddara dogon gefe mita 2 ne. Gajere ya zama mita 1 ke nan. 2 sau 2 ya ba da 4, 1 sau 1 ya ba da 1, a ɗebe 1 daga 4 saura 3. Ashe tsayi shi ne adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da 3. Shi ake kira tushen murabba'in 3, ana rubuta shi √3, ƙimarsa kuwa kusan 1.732 ce.

An ce “kusan” domin babu wani adadi, cikakke ko mai ɓurɓushi, da ya yi daidai da √3 cif. Aflatun ya ambata cewa Tiyodoras, mutumin Sairin da ke cikin Libiya ta yau, ya nuna haka. Arkimidis, wanda ya rasu a shekarar 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi aiki da cewa √3 ya ɗara 265/153 amma bai kai 1351/780 ba. Ga mai aikin hannu dai 1.732 ya wadatar.

Saboda haka gajere da matsakaici da dogo kullum suna tafiya a kan 1, da 1.732, da 2, kome girman alwatikar ko ƙanƙantarta. Idan aka san gefe, sai a raba shi biyu, a ninka rabin sau 1.732, tsayi ya fito. Idan kuwa tsayi aka sani, sai a raba shi da 1.732 a sami rabin gindi, a ninka wannan sau 2, gefe ya fito. Misali, alwatika mai tsayin mita 6: 6 raba 1.732 ya ba da 3.464, ninkinsa kuwa 6.928, watau kowane gefe kusan mita 6.93 ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki tsayi daidai yake da gefe. A ce ga fili mai wannan siffa, kowane gefe mita 40, za a biya mai shi diyya. Rabin gindi mita 20 ne, tsayi kuwa 20 sau 1.732, watau mita 34.64. Girman filin shi ne rabin gindi sau tsayi, abin da ya kama murabba'in mita 692.8. Akawun da ya sa 40 a gurbin tsayi zai rubuta 800, ya ƙara fiye da murabba'in mita 107 da babu su a ƙasa, baitulmali ya biya kuɗinsu.

Kafinta ma yana gamuwa da tagwayen nan, sai dai a kwance. Idan ana son rufin kwano mai gangaren digiri 30 a kan ɗaki mai faɗin mita 6, rabin faɗin, mita 3, shi ne matsakaicin gefe. A raba 3 da 1.732, tashin rufin ya zama mita 1.73, katakon da zai gangaro daga ƙololuwa zuwa kan bango kuwa ninkin wannan ne, mita 3.46, ban da ɗan abin da za a bari ya leƙo don kare bango daga ruwa. Haka nan kan noti mai gefe shida, alwatika shida ne irin wannan suka haɗa kai a tsakiya. Lambar da ke jikin sifana, misali 17, faɗin notin ne a milimita daga gefe zuwa wanda ke fuskantarsa, watau tsayi biyu ke nan, don haka kowane gefe kusan milimita 9.8 ne.

A ƙarshe, ya kamata mai lissafi ya riƙa gwada amsarsa kafin ya miƙa ta. Tsayi kullum ya gaza gefe, domin kashi 866 ne kawai cikin 1,000 na gefen. Duk wanda ya sami tsayi ya kai gefe ko ya wuce shi, to ya koma ya duba, domin akwai inda ya ninka a maimakon ya raba.