Busasshen Naman Da Ake Sayar Wa Masu Karnuka Ɗanye Ne, Bai Ga Wuta Ba

Kiwon kare a Tamale ya sauya kama. A da karen gida abin da gida ya rage yake ci, ƙanzon tuwon zafi da ɗan ƙashi da ruwan miya, sauran ya nema a bola. Yanzu in ka bi sababbin unguwannin bayan gari za ka ga gidaje masu doguwar katanga, a ciki manyan karnukan waje suna kai da komo, jinsin Jamus da Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu. Wanda ya zuba dubban sidi ya sayi kwikwiyo dole ya damu da abin da zai shiga cikinsa, kuma ta wannan ƙofa 'yan talla na TikTok da Instagram suka shigo. Hajarsu ita ce naman sa busasshe a cikin leda mai sheƙi, mara nauyi a hannu, an rubuta "freeze-dried raw" a jikinta. Wasu daga Accra ko Kumasi suke saye, wasu ɗan'uwa ke aiko musu daga Amurka ko Ingila. Akwai ƙananan gutsattsari na lallashin kare lokacin horo, akwai kuma wanda ake jiƙawa da ruwa a ba shi a matsayin abincin yini.

Wanda ya tashi a Zongo in ya ga busasshen nama, kilishi ne zai faɗo masa a rai, kuma a nan kuskuren yake somawa. Mai kilishi yana shanya nama a rana, ya tsoma shi a labu, ya sake shanyawa, amma ba ya miƙa maka sai ya ɗora shi a kan garwashi. Wannan na cikin leda bai taɓa ganin wuta ba. Ana daskarar da naman ne har ya zama ƙanƙara, a sa shi cikin injin da ke zuƙe iska, sai ƙanƙarar da ke jikinsa ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Ruwa ya fita, nama ya zauna da kamanninsa da ƙamshinsa. Ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ma da yawansu suna nan. Dabarar ba ta kashe su yadda wuta ke yi, har ma da ita masana ke adana ƙwayoyin cuta a ɗakunan gwaji shekara da shekaru, ranar da suke buƙatarsu su zuba musu ruwa su farfaɗo. Ruwan da mai kare zai jiƙa abincin da shi, ko yawun bakin karen, aikin da zai yi ke nan.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gwaji tsakanin 2010 da 2012 a kan abincin karnuka da kyanwoyi. Cikin samfuri 196 na ɗanyen abinci, 15 na ɗauke da salmonela, 32 na ɗauke da listeriya. Wannan fa kayan kamfani ne, a ƙasar da ake sa ido a kan mayanka, ba naman tebur da ƙuda ya wuni a kai ba. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan a ba kare ko kyanwa naman da ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, sau da yawa karen ba shi ne zai kwanta ba. Lafiyayyen babban kare yana iya cin salmonela ya tashi garau, yana kaɗa wutsiya, alhali yana zubar da ita a kashinsa, tana kuma jikin bakinsa da kwanonsa. A 2019 aka tabbatar mutum 154 a jihohi 34 na Amurka sun kamu da salmonela ta hanyar busassun kunnuwan alade da ake ba karnuka su gwigwiya, kuma akwai ƙananan yara a cikinsu. A 2017 a Ingila mutum 4 suka kamu da wani mugun nau'in ikolai, ɗaya ya rasu, bincike kuma ya karkata ga ɗanyen tumbi da ake ciyar da karnuka. Masana a Jami'ar Bristol sun gano cewa karnukan da ke cin ɗanyen nama sun fi fitar da ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani.

To, duba tsakar gidanmu. A nan ake wanke-wanke, a nan ake shanya tsaki da kuɓewa, a nan jariri ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Da dare a nan ake sakin kare. Kuma a yawancin gidaje ba maigidan da ya sayi karen ke ba shi abinci ba. Yaron gida ne, ko ɗan ƙanensa da aka kawo daga ƙauye, shi zai jiƙa abincin da hannu, ya wanke kwanon a bakin famfon da mata ke ɗiban ruwan girki, ya tashi ya sa hannu a kokonsa da ƙosai. Yaran da ba su kai shekara 5 ba, da tsofaffi, da masu ciwon da ya raunana garkuwar jiki, su salmonela ke kayarwa da gudawa da amai da zazzaɓi. Listeriya kuwa mai ciki take nema. Uwar tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai, amma cikin ya zube ko a haifi jariri ba rai. Gidan da ke da mai ciki ko mai rarrafe, a ganina ba shi da dalilin shigo da wannan leda ko kaɗan.

Ga kuma yanayin garinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yana kaiwa digiri 40. A irin wannan zafi ƙwayar cuta tana iya ninka kanta cikin minti 20, don haka abincin da aka jiƙa da safe aka bari a kwano, kafin azahar ya zama abin da ko ɗanyen nama ya fi shi. Ka'idar masana ita ce kada jiƙaƙƙen nama ya wuce awa 1 a waje in zafi ya haura digiri 32. Da damina kuma naman kan sha danshin iska da zarar an buɗe ledar. Mai cewa zai ajiye ragowar a firji ya tuna cewa wutar lantarkin NEDCo ba ta yi masa alkawari ba, kuma firjin nan shi ne na madarar yara.

Wasu kamfanoni suna matse naman da ruwa mai tsananin ƙarfi kafin su busar da shi, sukan rubuta HPP a jikin leda. Hakan yana rage ƙwayoyin cuta sosai, kuma ya fi wanda ba a yi masa ba. Wanda ya nace sai ya saya, ya nemi wannan alama, ya duba ranar lalacewa, ya guji wanda aka farke aka ƙulla a ƙananan ledoji ba suna ba adireshi. Ya ware wa karen kwano da soso nasa, nesa da madafa, babba ya riƙa ba shi, ya wanke hannu da sabulu, a kwashe kashi kafin yara su fito.

Sai maganar ƙoshi. Masu ra'ayin ba kare ɗanyen nama, wanda wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ya yaɗa da littafinsa na 1993, hujjarsu ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya girki. Amma kare ya yi dubban shekaru yana cin ragowar tukunyar ɗan Adam, har jikinsa ya sauya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, aka buga a 2013, ya nuna kare ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci nesa ba kusa ba. Tuwo da shinkafa ba baƙinsa ba ne. Zallar tsoka kuwa tana da illa ga kwikwiyo, domin sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi kaɗan ne a cikinta. Kwikwiyon babban jinsi da aka raina da nama kaɗai, ƙafafunsa kan lanƙwashe, ƙashinsa ya yi laushi har ya karye da ɗan tsalle. Hanta in ta yi yawa, bitamin A ke taruwa ya cutar da ƙashi da gaɓoɓi. Maƙogwaron sa kan zo da ragowar wata halitta ta wuya mai sarrafa kuzarin jiki, kare ya yi ta ci yana ramewa, yana haki da yawan shan ruwa. Yawancin ƙananan gutsattsarin nan ba cikakken abinci ba ne, bai kamata su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini ba. Camfin nan kuma na cewa ɗanyen nama ke sa kare zafi har ɓarawo ya ji tsoronsa ba shi da tushe. Jinsi da horo ke sa kare gadi.

Duk wannan na masu kuɗin leda ne, kuma su 'yan kaɗan ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu kwaikwayonsu. Mutum ya ga bidiyo an ce ɗanye ya fi, ba shi da kuɗin na kamfani, sai ya nufi mayankar Shishegu ko teburin mahauta a kasuwar Aboabo ya ce a tara masa abin da ba a so: huhu mai ƙuraje, hanta mai ƙulli, guntun da malamin duba nama ya ce a zubar. Arha ne, wani lokaci ma kyauta.

Waɗannan ƙullutai masu ruwa a ciki da ake gani a huhu ko hantar sa da tunkiya, wasunsu gidan wata ƙaramar tsila ce. In kare ya ci su ɗanye, tsilar ta girma a hanjinsa, tsawonta bai wuce rabin santimita da wani abu ba, ba wanda zai lura. Ƙwanta na fita a kashinsa, ya manne a gashinsa, ya shiga ƙurar tsakar gida da ganyen lambu. Mutum ba ya kamuwa ta cin naman, ta hannun da ya shafa kare ko abincin da ƙwan ya faɗa yake kamuwa. Daga nan wata jaka mai ruwa ta soma girma a hantarsa ko huhunsa a hankali, shekaru ba ya jin komai, sai ranar da ta yi girman da sai an yi tiyata ko an daɗe ana shan magani. Turkana da ke arewacin Kenya, inda makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa da karnukansu, tana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Ranar Babbar Sallah a kula sosai, domin a gida ake yanka, ba malamin dabbobi a kusa, kuma duk abin da uwargida ta ƙyamata kare ake jefa wa. Irin wannan kayan ciki a ƙona shi ko a binne da zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba kare maganin tsila mai suna farazikwantel aƙalla sau 4 a shekara a wuraren da ciwon yake.

Mafita tana madafa. A sayi lafiyayyen nama ko kayan ciki da aka duba, a tafasa har jan cikinsa ya ɓace, a haɗa da shinkafa ko tuwo da ɗan kabewa ko karas da dafaffen ƙwai. Ban da albasa da tafarnuwa, domin suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, wato ragowar tsire da miyar gida mai yaji ba nasa ba ne. Ban da dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo, yana tsagewa ya soke hanji. Mai kwikwiyo ya je ofishin likitan dabbobi a tsara masa yadda zai cike kalsiyam, a nan kuma a yi wa karen allurar haukan kare, wadda ta fi kowace leda muhimmanci.

Abu ɗaya ne tukunya ba ta gyarawa, shi ne mushe. A watan Yuni na 2023 cutar antaras, ciwon saifa na makiyaya, ta ɓulla a gundumar Binduri da wasu maƙwabtanta a Jihar Gabas ta Sama, dabbobi suka mutu, aka yi asarar ran ɗan Adam, har hukuma ta hana yanka da sayarwa da safarar dabbobi na wata guda. Daga Bolgatanga zuwa Tamale kusan kilomita 160 ne, kuma ta wannan hanya shanun Burkina Faso ke gangarowa daga Paga. Ƙwayar antaras tana yin ɓawo mai tauri da ke jure rana da bushewa da sanyi, tana yin shekaru masu yawa a ƙasa, tafasar girki ma ba ta da tabbas a kanta. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ba a feɗe ta, ba a jan ta, ba a yankar wa kare ko tsoka ɗaya, domin mai feɗewar shi ne na farko a layin kamuwa. A ɗaure karnuka, a kira ma'aikatan dabbobi, su ke da hanyar kai samfuri ɗakin gwaji na Pong-Tamale.

In kuwa yaro ya kama gudawa da jini ko zazzaɓi, ko mai ciki ta ji jikinta ba daidai ba, a gidan da kare ke cin ɗanyen nama, na leda ko na mayanka, a kai su asibiti, kuma a gaya wa likita abin da karen ke ci tun kafin ya tambaya.