ƘAIƘAYIN KARE DA ABINCIN DA YA DACE DA SHI

A Jama'a da Samaru da Sabon Garin Zariya mutane da dama suna ajiye karnuka domin gadin gida, ko tsaron dabbobi, ko farauta. Wani lokaci a kan ga kare yana ta susa dare da rana, yana lasar tafin ƙafafunsa, kunnuwansa suna ruwa, gashinsa yana zubewa. Waɗansu su kan yi tsammanin hauka ne ke tafe, su kashe shi ba dalili. Waɗansu kuwa su kan bar shi har ya rame, ɓarayi su shiga gida yana kwance. An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu su fahimci abin, su kuma bayyana wa dagatai da masu unguwanni.

Abin da ke kawo shi

Yawancin ƙaiƙayin kare daga ƙuma ne, ko kaska, ko ƙazuwa. Lalle ne a fara maganin waɗannan, musamman da ya ke ƙazuwar kare tana iya taɓa yaran da ke wasa da shi. In an yi haka ƙaiƙayin bai daina ba, rani da damina, to, ana iya zargin abinci. Kamar yadda wani mutum zai ci kifi ya yi borin jini, haka nan jikin wani kare ya kan ƙi wani irin abinci, ko da kuwa ya shekara yana cinsa lafiya. Wani har ya kan haɗa da amai da zawo.

A shekarar 2016 waɗansu likitocin dabbobi na Turai da Amurka sun tattara labarin karnuka 297 masu wannan ciwo. Suka ga naman shanu shi ne kan gaba, ya shafi kashi 34 cikin ɗari. Nono da madara kashi 17, naman kaza 15, alkama 13.

Yadda a ke ganewa

Hanyar da ta fi tabbas ita ce gwajin abinci.

1. A zaɓi nama iri ɗaya wanda karen bai taɓa ci ba, kamar na zomo, a haɗa da dankali ko doya dafaffiya, ba yaji, ba kayan miya.
2. A ba shi wannan kaɗai, da ruwa mai tsabta, har mako 8.
3. A tsare shi a gida, kada ya tafi juji ko mahauta. A gargaɗi yara kada su jefa masa burodi ko sauran tuwo, gama loma guda tana ɓata gwajin.
4. In ya sami sauƙi, a mayar masa da abincinsa na dā. In susar ta komo cikin mako 2, an kama mai laifi. Daga nan sai a riƙa gwada kayan ɗaya bayan ɗaya har a san wanda za a hana shi.

Yana da kyau malamin hakimi ya taimaki wanda bai iya rubutu ba, a rubuta ranar farawa da abin da a ka gani kowane mako. Abincin gwaji bai ƙunshi duk abin da jiki ke bukata ba, saboda haka kada a ɗora kwikwiyo ko karya mai ciki a kansa sai da izinin likita.

Abin da ba a ba kowane kare

Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare. Cakulan da inabi guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza ya kan tsage ya huda hanji. Gyaɗa ko ƙuliƙuli ko masara da su ka yi fumfuna suna lalata hanta. A Ingila a 1960 talotalo wajen 100,000 sun mutu saboda cin irin wannan gyaɗa.

Gargaɗi game da haukan kare

Kare mai ƙaiƙayi yana sanin ubangidansa, yana ci, yana sha. Amma wanda halinsa ya sake farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya tarar, wannan sai a nisance shi, a kai rahoto nan da nan. Wanda a ka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya maganin gida. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda a ka buɗe a 1962, tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi a Samaru, kusa da waɗannan unguwanni. Ana roƙon hakimai su sa a yi shela, duk mai kare ya kai shi allurar rigakafin hauka kowace shekara, in ya je kuma ya nuna wa likita fatarsa da kunnuwansa.