Gashin Ƙashi Ba Ɗumama Gaɓa Kaɗai Ba Ne

A darasin fassara malaminmu ya ba mu kalmar fisiyoterafi, muka ce "gashin ƙashi", kamar yadda ake faɗa a asibitocin Arewa. Ni da na koyi Hausa da girmana, sai na ɗauka aikin bai wuce ɗumama gaɓa da tausa ba. Raunin yayana ne ya gyara mini fahimta.

Jijiyar da ke riƙe gwiwarsa ce ta tsinke a filin ƙwallo, aka yi masa tiyata. Matar da ta kula da shi daga baya ta yi digiri a wannan fanni, wanda Jami'ar Ibadan ta fara bayarwa a Nijeriya a 1966. Ta yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ta koyi horar da masu ɗaga ƙarfe. Na tambaye ta, me ya haɗa asibiti da ɗaga ƙarfe? Ta ce naman cinya yakan rame da sauri idan gwiwa ta kumbura, alhali shi ne ke tare nauyin jiki duk lokacin da ɗan wasa ya dira ko ya juya. Ɗumi da tausa ba sa mayar da shi, sai an riƙa ɗora masa nauyi kaɗan-kaɗan.

Bayan wata uku ciwo ya lafa, yaya ya matsa sai ya koma fili. Ta hana. Sai a wata na tara, da ƙarfin ƙafar ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗaya ƙafar, ta sallame shi. Har yau ajinmu bai samo kalmar da za ta ɗauki wannan ɓangare na aikin ba.