Alƙalin wasa ko na'ura: yadda Amurka ta raba gardama a wasan besbol

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Gaya ranar babban wasa ya san abin da ke faruwa idan alƙalin wasa ya zana akwatin tele da hannuwansa ya nufi bakin fili. Gida zai yi tsit, sannan gardama ta kaure: wasu su ce na'ura ba ta ƙarya, wasu su ce ta kashe daɗin wasa. Irin wannan gardama aka shafe shekaru ana yi a Amurka a kan besbol, wasan da ba mu saba da shi ba a nan. A ranar 23 ga Satumba 2025 hukumar babbar gasar besbol ta ƙasar, wato MLB, ta yanke shawara: daga kakar wasa ta 2026 na'ura za ta shigo, amma alƙali yana nan daram. Dalilin da ya sa suka tsaya a tsakiya ya shafi ƙwallonmu, ya kuma shafi kokowarmu.

Mene ne ake gardama a kansa?

A besbol, mai jifa yana tsayawa nisan mita 18 da ƴan kai daga mai bugu, wanda ke riƙe da sanda. Bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugune, bayansa kuma alƙali. A ƙasa, gefen ƙafafun mai bugu, akwai wani farin faranti mai faɗin santimita 43. A saman farantin ana ƙaddara wata taga da ido ba ya gani, daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Idan ƙwallo ta bi ta cikin tagar kuma bai kai mata bugu ba, an ci shi ɗaya. In an ci shi sau 3, ya fita. Idan kuwa ta bi ta waje sau 4 bai taɓa ta ba, sai ya wuce zango na farko a kyauta.

Alƙali ne ke cewa ciki ko waje. Ƙwallon ba ta kai dunƙulen hannun babban mutum ba, tana gudun da yakan wuce kilomita 150 a awa, kuma tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A wasa ɗaya ana jifa kusan sau 300, kimanin rabinsu kuma alƙali ne ke yanke musu hukunci. Komai ƙwarewarsa zai yi kuskure. A da, kuskuren kan wuce ba tare da shaida ba. Yanzu tele tana zana tagar a kan hoto, har yaron da ke kallo a gida yana ganin abin da ya kuɓuce wa alƙali.

Gwajin shekaru shida

An fara gwada na'urar a watan Yuli 2019 a wata ƙaramar gasa mai suna Atlantic League. Na'ura ce ke yanke hukunci, alƙali yana ji ta wata ƴar waya a kunnensa, ya faɗa. Daga baya aka koma ga kyamarorin kamfanin Hawk-Eye, guda 12 a kowane fili, masu bin ƙwallo tun daga hannun mai jifa. Koriya ta Kudu ta rungumi wannan tsari gaba ɗaya a babbar gasarta a 2024.

A Amurka kuwa gwajin ya tono abin da ba a zata ba. Na'ura tana bin doka kamar yadda aka rubuta ta, alhali alƙalai sun daɗe suna bin ta kamar yadda aka saba. Ƙwallon da ta shafi ƙasan tagar sannan ta faɗi cikin ƙura, na'ura ta ce ciki ce, ko da yake babu mai iya bugun ta. Dole aka sake zama aka fayyace tagar da lissafi: ƙasanta kashi 27 cikin 100 na tsawon ɗan wasa, samanta kashi 53 da rabi, kuma a tsakiyar farantin ake aunawa. Sai da aka auna tsawon kowane mai bugu. Ke nan kafin na'ura ta yi hukunci, mutane ne suka zauna suka gaya mata abin da ake nufi da daidai.

Akwai kuma batun sana'a. Masu cafewa sun ƙware wajen karɓar ƙwallo da dabarar da za ta sa ta bakin layi ta yi kama da ta ciki, kuma ƙungiyoyi suna biyan su kuɗi mai yawa saboda wannan. In na'ura ta karɓe komai, wannan gwaninta ta mutu. Ƴan wasa da dama sun nuna ba sa so.

Tsarin ɗaukaka ƙara

Abin da aka amince da shi shi ne: alƙali ya yi hukuncinsa kamar kullum. Kowace ƙungiya tana da damar ƙorafi sau 2. Mutum uku kaɗai ke da wannan iko: mai jifa, mai cafewa da mai bugu. Wanda bai yarda ba sai ya dafa kansa nan take, ba tare da ya dubi mai horarwa ba. Sai a nuna hanyar da ƙwallo ta bi a babban allon fili, kowa ya gani. Idan ya yi gaskiya, a sauya hukunci kuma ƙungiyarsa ba ta rasa damarta ba. Idan ya yi kuskure, dama ɗaya ta tafi.

A wasannin share fage na farkon 2025, kowane ƙorafi ya ɗauki kimanin daƙiƙa 14, kuma kashi 52 cikin 100 ne suka yi nasara. Wato kusan rabin lokutan da ɗan wasa ya rantse an zalunce shi, alƙali ne ke da gaskiya.

Me ya shafe mu?

Mu a Afirka mun ga kasawar ɓangarorin biyu. A ranar 31 ga Mayu 2019, a wasan ƙarshe na gasar zakarun nahiya a Tunisiya, an hana wa Wydad ta Maroko ƙwallon da ta ci Esperance. Ƴan wasa suka nemi a duba VAR, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, wasa ya watse, magana ta kai har kotun wasanni. A ranar 12 ga Janairu 2022 kuma, a gasar cin kofin Afirka a Kamaru, alƙali Janny Sikazwe ya hura tashi a minti na 85 tsakanin Mali da Tunisiya, ga VAR a fili amma ba ta hana ba.

Darasin besbol shi ne hukunci iri biyu ne. Akwai na awo: ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba. A nan kyamara ta fi ido. Akwai kuma na fahimta: da gangan ya sa hannu? Turin ya kai a ba da fenareti? A nan ko an maimaita hoto sau goma, mutum ne zai yanke, shi ya sa gardamar VAR ba ta ƙarewa a gidajen kallo daga Gaya har Malanbil da Kamba.

Kokowa tana da nata rabon. Tun da aka fara gasar Takobin Ƙasa a Tawa a 1975, tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce wa ya fara taɓa ƙasa idan ƴan kokowa biyu suka zube tare. Wannan tambayar awo ce. Mu ƴan jahar Dosso, da muka karɓi baƙuncin gasar a filin Salma Ɗan Rani a watan Disamba 2024, muke kuma alfahari da Isaka Isaka mai takobi 6, mun san nauyin faɗuwa ɗaya: takobi, kyaututtuka da sunan jaha duka suna rataye a kanta.

Ba mu da kuɗin kyamarori 12 a kowane fili, amma mafi amfanin abin da Amurkawa suka yi ba ya cin kuɗi: sun rubuta ƙa'ida kafin a shiga fili. Duk gasar da za ta dogara da hoto, ta ƙwallo ce ko ta kokowa, ya kamata ta amsa tambayoyi huɗu tun da wuri: wa ke da ikon ƙorafi, sau nawa, cikin daƙiƙa nawa, kuma me za a yi idan wuta ta ɗauke ko na'ura ta tsaya. Sannan a nuna wa ƴan kallo hoton da aka yi hukunci da shi, domin hukuncin da aka yanke a ɓoye, ko daidai ne, ba ya kwantar da fili.