Yadda Ake Auna Hankalin Matuƙan Jiragen Sama Kafin a Ɗauke Su

Hausawa kan ce taura biyu ba ta taunuwa, amma aikin matuƙin jirgin sama ya wuce taura biyu. Idonsa na kan na'urori, kunnensa na wajen jami'an da ke ba shi umarni daga ƙasa, ga kuma lissafin mai. Saboda haka manyan kamfanonin jiragen sama kan auna wannan baiwa tun kafin su zuba kuɗi wajen horar da mutum.

Sakaci a nan yana da tsada. A watan Disamba na 1972, wani jirgin kamfanin Eastern Air Lines ya faɗa fadamar Everglades da ke Amurka, mutane 101 suka rasu. Bincike ya nuna cewa matuƙan sun duƙufa ne kan wata 'yar fitila da ta mutu, ba wanda ya lura jirgin yana yin ƙasa.

Tun a 1971, masana biyu a Isra'ila, Daniel Gopher da Daniel Kahneman, suka gwada ɗaliban tuƙin jiragen yaƙi ta hanyar aika saƙo daban-daban cikin kowane kunne, tare da umartar ɗalibi ya bi ɗaya, ya kuma sauya idan an ba shi alama. Waɗanda kuskurensu bai yi yawa ba sun fi samun nasara a horo. Haka nan kuma, a 1992 hukumar NASA ta Amurka ta fito da wani gwaji na kwamfuta mai haɗa ayyuka huɗu: sa ido kan na'urori, riƙe saiti, sauraron rediyo da sarrafa mai.

Sai dai masu iya haɗa ayyuka ba tare da wani ya taɓu ba ƙalilan ne. A binciken Jami'ar Utah na 2010, cikin mutane 200 da aka haɗa wa tuƙin mota na gwaji da lissafi ta wayar tarho, 5 kaɗai suka tsira. Don haka abin da ake nema wurin matuƙi shi ne sanin aikin da ya fi gaggawa, da saurin komawa kan wanda ya ajiye.

Ga masu zuba jari a harkar sufurin sama a Nijeriya, da iyayen da ke biya wa 'ya'yansu kuɗin horo a makarantu irin su Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, takardar shaidar karatu ba ta nuna wannan baiwa. Gwajin kwana ɗaya ya fi araha a kan ɗalibin da zai sare a tsakiyar horo bayan an kashe masa dukiya.